Gina wa iguwana gida a Sakkwato: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka, na kuma duba hotunan da ka haɗo. Ka ce yayanka ne ya zo maka da ɗan iguwana, wato wani irin ƙadangare kore mai girma, daga Legas wata biyar da suka wuce, yanzu ya kusa ƙafa biyu har da wutsiya, yana zaune cikin akwatin gilashi irin na kifi a ɗakinka, kuma ya fara goga hanci a jikin gilashin har wurin ya ɗaye. Kana da fili a tsakar gida, kana tambaya ko tsohon akurkin kaji zai yi idan an gyara shi, ko kuwa ka kira mai walda, sannan wane irin ƙwan lantarki za ka saya don ɗumama shi kamar yadda ka ga ana yi a YouTube.

Abin da na fara dubawa a hoton shi ne ko iguwana ne da gaske, domin a kudancin ƙasar nan da yawa suna kiran guza da damo da wannan suna, kuma an sha kawo min guza a ce iguwana ne. Naka na gaske ne: ga fata tana reto ƙarƙashin haɓa kamar ta bijimi, ga ƙayoyi jere a gadon baya kamar matsefi, ga babban ɓawo zagayayye a ƙasan kunne. Guza da damo ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, harshensu dogo ne mai baki biyu kamar na maciji, kuma nama suke ci. Naka ganye yake ci, a kan itace yake rayuwa. Asalinsa dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, daga Meziko har Burazil, inda yake kwana a kan rassan da suka rufa kan kogi, idan ya ji tsoro ya faɗa ruwa ya yi iyo. Ka riƙe wannan hoto a ranka, itace da ruwa da iska mai laima, don shi ne abin da za mu yi ƙoƙarin kwaikwayo a garin da ruwan shekararsa duka ke sauka cikin wata huɗu.

Akurkin kaji ba zai yi ba. Ba don ƙazanta ba, ana iya wankewa, don gajarta. Wannan ɗan koren abin da kake ɗauka da hannu ɗaya, nan da shekara uku zuwa huɗu zai iya kai ƙafa biyar, namiji ma har shida, kusan kashi biyu cikin uku wutsiya ce, kuma idan ya samu kulawa yana yin shekara 15 zuwa 20. Wato kana iya aure ka haifi ɗa ya shiga sakandare yana nan. Mutane sukan yi ƙaramin keji su ce idan ya girma a sake, sai su yi asarar kuɗi sau uku. Ka gina na babba tun yau. Mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi: ƙafa 6 zuwa sama, ƙafa 6 a tsawo, ƙafa 4 a faɗi, wannan kuwa na wanda ba shi da wuri ne. Kai da kake da fili, ka yi ƙafa 7 zuwa sama, 10 a tsawo, 6 a faɗi. Tsayin ya fi komai muhimmanci a wurinsa. Iguwana da ba shi da wurin da zai hau ya dubi mutane daga sama kullum a tsorace yake, mai tsoro kuwa shi ne mai cizo da bulala da wutsiya.

Yanzu maganar ƙwan ɗumama, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta maka doguwar amsa. Waɗannan bidiyoyin da kake kallo, mutanen Ingila da Jamus da arewacin Amurka ne suka yi su, inda rana ke wuyar gani, sanyi kuma ya yi wata shida. Duk fasaharsu ta yadda za a shigar da zafi cikin akwati ne a hana shi fita. Idan ka kwafi wannan a Sakkwato, tanda ka gina. Abin da iguwana yake so shi ne wurin shan rana mai digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Selshiyas, sauran wurin kuma 27 zuwa 30, da dare kada ya sauka ƙasa da 22 ko 23. To mu a watan Afrilu da Mayu iskar inuwa kanta tana wuce 40, wani lokaci ta doshi 45. Jikin iguwana ba ya yin gumi, ba ya kuma haɗa zafin kansa. Zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Idan ya ji zafi ya yi yawa, dabararsa ɗaya ce, ya tashi ya koma wuri mai sanyi. Idan babu wurin sai ya buɗe baki yana haki, daga nan sai mutuwa. An taɓa kawo min wani a bazara, cikin keji mai kyau ƙwarai, an kashe masa kuɗi, an rufe shi da kwano sabo fil, an ajiye shi jikin katangar yamma. Mai shi ya tafi kasuwa da hantsi ya bar shi lafiya, ya dawo bayan la'asar ya tarar da shi a sanƙare. Ba abin da zan iya yi masa.

Saboda haka aikinka kashi uku ne, kuma ɗumamawa ce ƙarama a ciki: ka kore zafin bazara, ka riƙe laima a lokacin hunturu, sannan ka ɗumama shi a dararen Disamba da Janairu kawai.

Fara da zaɓen wuri, kafin ka sayi ko ƙusa. Kana son inda ranar safe ke faɗawa daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, daga nan inuwa ta rufe. Gabashin ɗaki ko gabashin wata babbar bishiya ke nan, yadda ginin ko bishiyar za ta tare ranar azahar da la'asar. Ka guji jikin katangar da rana ke duka da yamma, don bulo yana shan zafi ya yi ta amayar da shi har bayan isha'i. Ka kuma tuna inuwa ba ta zama wuri guda duk shekara. A nan Sakkwato, da hunturu rana ta kudu take ratsawa, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta da tsakar rana tana ɗan karkata arewa. Wurin da ka gani da inuwa a Janairu yana iya zama fili fetal a Mayu. Akwai kuma wata matsala: gabas ɗin da muke so don ranar safe, ta wannan ɓangaren ne iskar hunturu ke zuwa, daga arewa maso gabas, hadarin damina ma yawanci daga gabas yake tasowa da guguwarsa. Maganin wannan shi ne ka toshe arewa gaba ɗaya da bango, yamma ma haka, ka bar gabas da kudu a raga, amma ka rataya musu asabari ko tamfol da za a iya naɗewa a sake. Da safe a ɗage, iska ta taso a sauke.

Ƙasa a yi mata daɓen siminti, a karkata shi kaɗan zuwa kusurwa ɗaya inda za a sa bututun fitar ruwa. Kada ka zuba yashi, ko tsakuwa, ko garin katako na wurin kafintoci. Iguwana yana lasar duk abin da ya gani da harshe, yana haɗiye su kaɗan kaɗan har su toshe masa hanji, kuma cire su sai an yi masa aiki. Siminti zalla ya fi, ka wanke da bokiti ɗaya ka share. Zagaye da daɓen a ɗora bulo layi uku, wajen ƙafa biyu da rabi, a yi masa filasta. Wannan gajeren bango yana hana ɓera da gafiya shiga, yana kare shi daga idon kyanwa, kuma idan ya sauko ƙasa ba zai ga waje ya yi ta tura hanci yana neman fita ba, wanda shi ne abin da ya ɗaye masa hanci a gilashin nan.

Daga kan bulo zuwa sama, mai walda ya tayar da firam da irin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake yin ƙofa da shi. Na fi son ƙarfe a kan katako saboda gara, kuma saboda maganin garar da kafintocinmu ke yi, wato shafa baƙin mai ko wani magani mai wari, guba ne ga dabbar da ke lasar komai. Idan an yi wa ƙarfen fenti, a bar shi ya sha iska sati biyu ko fiye, sai warin ya tafi ƙaf. Wajen raga kuwa a nan ne mutane ke son rage kuɗi, a nan ne kuma bai kamata ba. Wayar kaji mai ido mai kusurwa shida siririya ce, tana yanka yatsu tana cire farata. Ragar sauro kuwa rana ɗaya zai kece ta. Ka nemi ragar ƙarfe mai ido mai kusurwa huɗu wadda aka yi wa walda, mai rabin inci, idan ka samu mai rufin roba ta fi. Rabin inci ɗin saboda yanzu ƙarami ne, kuma saboda maciji da ɓera. Ka bi duk bakin wayar da hannunka bayan an gama, inda ya soke ka zai soke shi.

Ƙofa ka yi mata zaure. Ina nufin ƙofa biyu, da ɗan wuri tsakaninsu da zai ɗauki mutum ɗaya a tsaye: ka shiga ta farko ka rufe, sannan ka buɗe ta biyu. Kada ka ga yana kwance kamar damo sarkin haƙuri ka ɗauka ba ya gudu. Idan ya zabura, kafin ka juya ya haye katanga, kuma ka san abin da yaran unguwa za su yi wa ƙaton ƙadangare kore da suka gani a kan bango. Ƙofar waje a sa mata kwaɗo, makulli a hannunka.

Rufi. Ka raba shi uku. Kashi ɗaya, na ɓangaren gabas, raga zalla, rana ta shiga kai tsaye. Kashi biyun da suka rage a rufe, kuma mafi kyawun abin rufi shi ne wanda kakanninmu suka sani, bunu ko zana mai kauri, ninki biyu. Duk wanda ya taɓa barin ɗakin kwano ya koma rumfar zana da azahar ya san bambancin. Idan dole sai ka sa kwano saboda ruwan damina, to a ɗaga shi sama da ragar da kamar ƙafa ɗaya iska ta riƙa ratsawa, a shimfiɗa zana a kansa, kuma kada ya zama akwai inda dabbar za ta iya taɓa shi. Ragar saman nan ba ta ado ba ce. Shirwa da shaho suna ɗaukar ƙarami kamar yadda suke ɗaukar ɗan tsako. Shi ma ya san da haka: a tsakiyar kansa akwai wani ɗan tabo fari-fari kamar ƙwayar gero, wani irin ido ne na uku da ba ya ganin sura amma yana jin inuwa ta gifta daga sama. Shi ya sa idan ka kawo hannu ta samansa yake firgita. Ka riƙa zuwa masa ta gefe.

Wannan kashi ɗaya na rana shi ne arzikin da Allah ya ba ka wanda Turawan nan ke saye da kuɗi. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa UVB. Da shi fatar iguwana ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki ke ɗaukar kalsiyam daga abinci ya kai ƙashi. Idan babu shi, jiki sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙasusuwa: muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba, cinyoyi su kumbura mai shi ya ɗauka ƙiba ce, yatsu su riƙa karkarwa, baya ya karkace, a ƙarshe ƙafafun baya su mutu. Gilashi yana tare wannan haske kusan gaba ɗaya. Ke nan wata biyar ɗin da naka ya yi a akwatin kifi, ko da kusa da taga yake, kamar a duhu ya yi su. A hoto na biyu na ga haɓarsa ta ɗan yi gajarta, ina so a duba shi. Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani likitan dabbobi da ke kusa da kai a taɓa muƙamuƙin a gani. Kafin a gama gini, ka riƙa fitar da shi ranar safe na kamar awa ɗaya a cikin kejin waya da aka rufe rabinsa da zane, kana kusa. Kada ka kuskura ka fitar da shi rana a cikin gilashin, mintoci kaɗan sun isa su dafa shi.

Idan wata rana dole ta sa ka mayar da shi cikin ɗaki, to sai ka sayi fitilar UVB ta musamman ta dabbobi masu jan ciki, doguwa, irin ta Arcadia ko ReptiSun, a rataya ta kamar inci 12 zuwa 18 daga inda yake kwanciya, ba gilashi a tsakani, awa 12 a rana, a kuma canza ta duk wata shida zuwa shekara ko da tana ci, don hasken da ake buƙata yana ƙarewa kafin wanda ido ke gani. Shuɗin ƙwan da ake duba jabun kuɗi da shi ba shi ba ne. Wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a asibiti da wurin tace ruwa kuwa makantar da shi zai yi. Da wutar da muke samu da tsadar fitilar, ka ga dalilin da ya sa na ce tsakar gida.

A ciki ka sa rassa masu kauri, kaurin ya kai na jikinsa ko ya fi, busassun rassan gwaiba ko tsamiya ko mangwaro da ɓawonsu, a jingine a karkace, a ɗaure da ƙusa mai zare yadda ba za su motsa ba. Sai katakai biyu masu faɗi kamar kantar shago, ɗaya a ɓangaren rana, ɗaya a can cikin inuwa, dukansu sama da kafaɗarka, da reshe da ya haɗa su. Wannan reshen shi ne zuciyar ginin duka. Da safe zai fito ya baje a rana har jikinsa ya ɗau zafi, ya ci abinci, ya koma inuwa, ya sake fitowa. Yana buƙatar zafin nan don ganyen da ya ci wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani a hanjinsa ke narkar da shi, su kuma ba sa aiki a sanyi. Kantar rana ta zama ta katako, kada ta zama ƙarfe ko tayil, kuma a bar tazarar ƙafa ɗaya da rabi tsakaninta da ragar sama. Ka rataya ganye ko tsohuwar tabarma a wani lungu inda zai ɓuya idan baƙi sun yi yawa.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne zai fi ba ka wahala, fiye da zafi. Iguwana yana son laimar iska ta kai kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari. A watan Agusta muna samun haka kyauta. A Janairu zuwa Maris kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ya fito. Abin da wannan iska ke yi wa iguwana iri biyu ne. Na fili: idan ya zo saɓa, tsohuwar fatar ba ta fita duka, sai ta bushe ta zama zobe a yatsa ko a ƙarshen wutsiya ko a ƙayoyin baya, ta shaƙe jini, wurin ya yi baƙi ya guntule. Na ɓoye ya fi muni: ƙarancin ruwa na shekara da shekaru yana lalata ƙoda, kuma ciwon ƙoda na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda ake kiwo a gida. Ba za ka iya mayar da tsakar gidanka kurmi ba, kada ma ka gwada. Abin da za ka iya shi ne ka yi masa lungu ɗaya mai laima. A kusurwar inuwa a gina kwatarniyar siminti da zai iya shiga ya miƙe, zurfin ruwan iya kafaɗarsa, da gangare a gefe ɗaya don fita, da toshe a ƙasa don zubarwa. Yanzu da yake ƙarami, baho ya isa, da dutse a ciki. A jikin ragar wannan kusurwar ka rataya buhunan algarara, ka riƙa jiƙa su, ko ka ɗora jarka a sama ka huda ta tana ɗiga a kansu. Hikimar randa ce: busasshiyar iska ta ratsa jiƙaƙƙen abu, ta fito da sanyi da laima. A bazara kafin ruwa ya sauka wannan dabara tana rage zafi sosai, kuma ita ce za ta tsallakar da shi Afrilu. Ka ƙara da yi masa feshin ruwa safe da yamma, da wanke ganyensa ka ba shi a jiƙe. A ranakun da zafi ya kai maƙura, ka yayyafa wa zanar rufin ruwa da azahar.

Ruwan kwatarniyar kullum za a canza, don a ciki yake son yin kashi. A nan sai ka yi hattara da gidanku. Yawancin iguwana suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma ga mutum zazzaɓi ce da gudawa, ga jariri da tsoho da mai ciki kuwa tana iya yin tsanani. Bututun wankin kejin kada ya bi ta inda ake wanke-wanke ko alwala ko inda yara ke wasa, a kai shi rami nasa. Bokitinsa da tsintsiyarsa da kwanon cinsa nasa ne shi kaɗai, kada su shiga madafa. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma su tsaya a kallo daga waje. Ka faɗa wa Hajiya wannan da bakinka tun kafin a fara gini, don ita ce za ta zauna da shi idan ka fita.

To ga inda ƙwan ɗumamarka zai yi amfani. A Disamba da Janairu da asuba sanyi yakan sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Ba zai kashe shi dare ɗaya ba, amma idan ya jera sai ya daina cin abinci, ciwon huhu ya biyo baya. A jihar Fulorida ta Amurka, inda suka yaɗu a daji har hukuma ta hana sabon kiwonsu a gida a 2021, idan sanyi ya sauka sosai sandarewa suke yi su riƙa faɗowa daga bishiya. Kafinta ya yi maka akwatin kwana na katako mai kauri, kamar ƙafa 4 a tsawo, 2 a faɗi, 2 zuwa sama, da ƙofar shiga daidai jikinsa da 'yan hudoji na iska, a kafa shi a sama jikin bangon arewa. A rufin akwatin a sa ƙwan ɗumama na tangaran, mai ba da zafi ba haske, a kewaye shi da raga yadda ba zai taɓa shi ba, a haɗa shi da na'urar da ke kashe shi da kanta idan zafi ya kai 26. Masu sayar da kayan kiwon kaji sun san irinsa. Kewayewar dole ce, don iguwana yakan kwanta a kan abu mai zafi har fatarsa ta ƙone bai motsa ba. Saboda haka ma kada ka sayi dutsen nan mai wuta a ciki da ake tallarsa. Daren da aka ɗauke wuta, jarkar ruwan zafi naɗe da tawul a kusurwar akwatin ta wadatar, ko ka shigo da shi ɗaki ya kwana. Kaskon gawayi kuwa a'a, ko kusa. Hayaƙin da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki shi ma yana kashe shi, haka maganin sauro na feshi da na kunnawa, da fiya-fiyar da ake zubawa don kiyashi.

Ba ka tambayi abinci ba, amma tunda za ka so shuka wani abu a ciki: zogale da lalo da kuɓewa da kabewa duk yana ci, ganye da fure, sai dai zai cinye su ƙarƙaf cikin kwana biyu, gara ka shuka a waje ka riƙa tsinko masa. Yakuwa da alayyafo kaɗan kaɗan, gwanda da mangwaro na marmari. Ka tabbata babu tumfafiya ko zaƙami kusa da ragar, guba ne, haka ɗanyen ganyen rogo da fiya. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi fara ko ƙwai ko nama don ya yi saurin girma, damo yake tunani. Zai ci, zai girma, ƙodarsa ta lalace.

Shi kaɗai za ka ajiye. Maza biyu faɗa za su yi har jini, namiji da mace kuma takura mata zai yi. A wannan girman ba a iya rabe jinsinsu da tabbas, sai ya wuce shekara. Idan mace ce, to daga shekara biyu zuwa uku za ta iya yin ƙwai ko babu namiji, 20 zuwa 70 a zubi ɗaya, kuma idan ba ta samu inda za ta tona ba sai ta riƙe su a ciki su zame mata ajali. Don haka ka bar wani lungu a ƙasa inda za a iya ajiye babban akwati cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin ƙafa biyu idan lokacin ya zo. Idan namiji ne, za ka ga wani lokaci a shekara ya yi ja-ja kamar lemo, yana gyaɗa kai yana hura fatar wuya. A watannin nan ka shiga da doguwar riga, ka kula da fuskarka. Kada kuma ka taɓa kama shi ta wutsiya, katsewa take yi. Farin gishirin da za ka gani yana atishawa a jikin raga ba mura ba ce, haka yake fitar da gishirin jikinsa. Sannan ka tambayi yayanka takardar inda ya saye shi ka adana, domin iguwana na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 1977.

Idan an gama gini kada ka sa shi a ranar. Ka sayi ma'aunin zafi da laima mai batir guda biyu, ɗaya a kantar rana, ɗaya a kantar inuwa, ka bar kejin ba kowa na sati ɗaya da buhunan a jiƙe, kana rubuta abin da suka nuna da asuba, da hantsi, da ƙarfe uku na rana. Lambar da na fi so in gani ita ce ta inuwa da ƙarfe uku. Idan ta wuce 33, a ƙara zana, a ƙara buhu, ko a sa ƙaramar fanka mai sola tana hura jiƙaƙƙen buhun, sannan a sake aunawa. Ranar da ka sa shi, zai iya yin duhu, ya ɓuya, ya ƙi abinci kwana uku ko biyar. Ka ajiye masa ganye ka fita, ka hana 'yan kallo. Ka turo min lambobin satin nan da hoton haɓarsa daga gefe.